Hoton Mai Tulu

Ranar da Abdulgafaru ya fara ganin Zalia, ba soyayya ce ta kai shi shagonta ba, ɗinki ne ya kai shi. Lokacin Ghana ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, duk inda ka juya a Tamale sabuwar tuta ce, kowa kuma yana ganin gobe tasa ce. Ya jingine kekensa a bakin wani ɗan shago a Zogbeli, ya kwance akwatin ƙarfe daga bayan keken, ya yi sallama.

"Dasiba," ya ce, yana gaishe ta da gaisuwar safe ta garin.

"Naa," ta amsa, ƙafarta ba ta bar taka keken ɗinki ba. "In wando ne, ba na ɗinka na maza."

"Ba wando ba ne. Zane nake so mai faɗi, wanda zan rataya a bango. A yi masa ƙananan aljihu, kowane ya riƙe gindin hoto ɗaya, fuskar hoton tana waje."

Sai a nan ta ɗago kai. Shi kuwa bawan Allah, da idonsu ya haɗu, sauran bayanin da ya shiryo tun daga gida ya bi iska.

Abdulgafaru malamin makaranta ne. Ya yi karatu a jami'a can kudu, ya dawo gida yana koyar da tarihi, yana kuma binciken da zai ba shi digirin dakta. Mutanen gari ba su gane wannan irin dakta ba. Har wata tsohuwa ta taɓa tare shi a kasuwa ta nuna masa gwiwarta mai ciwo.

Binciken nasa kuwa a cikin akwatin nan yake. Da Turawa za su tafi, sun bar tsofaffin hotuna a wani ofis, ma'aikata suka tara su da shara za su cinna musu wuta, shi ya roƙa aka ba shi. So yake ya nuna wa manyan jami'a cewa yaron Tamale ya fi gane tarihi idan ya ga kasuwar garinsu da fuskokin mutanensa, maimakon a sa shi haddace sarakunan Ingila. Turawan ba su rubuta sunan kowa ba, shi ya sa yake yawo gida gida yana nuna wa tsofaffi, ko za a dace wani ya gane wani.

Zalia ta sa hannu a akwatin ta zaro hoto ɗaya don ta auna girmansa. Wata matashiya ce a bakin rijiya, tulu a kanta, ta yi ɗaurin ƙirji, kafaɗunta a waje, ta juyo gefe tana dariya har haƙoranta sun fito.

"Wannan ta iya dariya paa," in ji Zalia. "Wace ce?"

"Ban sani ba tukuna. Baturen da ya ɗauka bai tambaye ta ba."

Ta shimfiɗa tef ta auna tsawo da faɗi, ta mayar da hoton cikin akwati.

"Yoo, Tica. Ka dawo ranar Laraba."

Ya dawo ranar Laraba, ya kuma dawo ranar Alhamis wai ɗinkin aljihu ɗaya ya warware. Zalia ta duba wurin, ta ga da reza aka warware shi, ta gyara. Da ya kai zanen makaranta ya rataya, sai ya tsinci 'yar takarda a aljihun.

"Tica, zare yana tsada. In gaisuwa kake so, ka zo ka gaishe ni, ka bar zanen mutane ya huta."

Ya karanta ya fi a ƙirga. Washegari ya ajiye tasa amsar a ƙarƙashin almakashinta.

"Telata, na ji. Amma ki sani abin da kika warware a ƙirjina, ke kaɗai za ki iya ɗinke shi."

Daga nan abu ya zauna. Kullum bayan la'asar kekensa yana jingine a bakin shagon, yana ba ta labarin gidajen da ya shiga, tana yi masa tsiyar cewa shi kaɗai ne saurayin da ke zuwa zance da fuskokin matattu. Ita ce ta laƙaba masa Mai Akwati. Ya san mahaifiyarta ta rasu tun tana jaririya, gwaggonta ce ta raine ta. Amma Zalia ba ta taɓa kiran sunanta ba, "Mma" kawai take cewa, shi ma bai taɓa tambaya ba. Wane ɗan mutunci ne zai tambayi sunan matar da yake fatan ta zama surukarsa?

Mahaifinta, Alhaji Jibirilu, babban ɗan kasuwar goro ne, kakanninsa daga ƙasar Hausa fatauci ya kawo su. Mutum ne mara yawan magana. A ransa ya fi son Imoru, mai lorin da ke ɗauko masa goro daga Kumasi, wanda ya daɗe yana kewaye gidan. Amma da kawun Abdulgafaru ya kai goron tambaya, Alhaji ya kira 'yarsa ya ji bakinta, ya karɓi goron. Aka bar maganar sa rana sai bayan bikin tunawa da 'yancin kai.

A tsakanin nan ne Abdulgafaru ya kai akwatinsa Kukuo, gidan wata tsohuwa mai suna Mma Sanatu. Ta ɗaga hoton mai tulu kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, sai ta dafa ƙirji, ta yi magana da irin Hausarta wadda ba ta raba mace da namiji.

"Woi, na san shi! Rakiyatu ne. Maƙwabcina ne a nan. Mijin shi wani yaro mai jakuna, suna sayar da ruwa. Sun tashi tuntuni, ban san inda suka tafi ba."

Ya rubuta sunan, murna kamar ta kashe shi. Cikin hotunan nan duka, wannan ne yaran ajinsa suka fi so. Da shi yake koya musu yadda garin yake shan ruwa a da, da yadda ake gina rijiya, da irin suturar mutane. Babi mafi ƙarfi a bincikensa a kan hoton nan ya gina shi. Yanzu ga suna ya samu. Bai faɗa wa Zalia ba, wai yana so ya ba ta mamaki ranar biki.

Ai kuwa ya ba ta.

Ranar bikin, makaranta ta cika maƙil. Iyayen yara sun zo, malaminsa na jami'a ya taso tun daga kudu don ya ga yadda ake darasin. Abdulgafaru ya gayyaci Alhaji Jibirilu da 'yarsa, yana so surukinsa ya ga cewa aikin nan ba wasan yara ba ne. Sun ɗan makara, suka iso bakin ƙofar aji daidai lokacin da ya ɗora tsinin sandarsa a kan hoton mai tulu.

"Yara, Bature ya rubuta a bayan hoton nan cewa wata mace ce kawai. Mu fa, wa muka ce?"

"Rakiyatu!"

"Ban ji ba!"

"Rakiyatu!" Suka ɗaga murya har kwanon rufin ya amsa.

Mutane suka yi tafi. Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya ce matan da ba su da tsadar mayafi. Alhaji Jibirilu bai yi tafi ba. Ya ratsa mutane a hankali har gaban bangon, ya kalli hoton sau ɗaya, ya kawar da kai kamar wanda wuta ta lasa. Sannan ya dubi Abdulgafaru, muryarsa ƙasa ƙasa, amma ajin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Wa ya ba ka matata?"

Sandar ta faɗi daga hannun Abdulgafaru.

Alhaji ya cire rawanin da ke kafaɗarsa ya rufe hoton da shi, ya juya ya kama hannun 'yarsa. Zalia tana ta waiwaye, tana miƙa wuya, amma rawanin ya riga ya rufe komai. Haka ya ja ta suka fita.

Kafin magariba goron tambaya ya koma gidan kawun Abdulgafaru, ko ganyen da aka naɗe shi ba a canza ba.

Garin kuwa ya samu abin taunawa. Wasu suka ce yaron ya tsiraita surukarsa a gaban maza. Wasu suka ce wannan ma da sauƙi, ina laifin tsiraici a kan kiran suna? Saurayi ya kama sunan uwar budurwarsa gatsau, ya kuma sa yara suna rera shi kamar karatu. Waɗanda ba su taɓa sanin Alhaji ya yi tallan ruwa da jakuna ba, ranar suka sani, suka kuma ji daɗin sani. Babu wanda ya tsaya ya ce yaron bai sani ba. Su ma da gaskiyarsu, rashin sani ba ya mayar da abin da ido ya riga ya gani.

Kawunsa ya je ban haƙuri, ya koma, ya sake komawa da limamin unguwa. A zuwa na ƙarshe ne Alhaji ya buɗe baki.

"Ya kawo hoton nan, ya ƙona shi da hannunsa a gabana. In ya yi haka, sai mu ga abin da Allah zai yi. In bai yi ba, kada ya ƙara bin layin nan."

Hoton kuwa guda ɗaya ne tak a duniya, gilashin da ake wanko shi ya fashe tun zamanin Turawa. Abdulgafaru ya san in ya ƙone, babinsa ya ƙone, wahalar shekaru ta tafi. Wallahi bai yi dogon tunani ba. Ya hau kekensa ya nufi shagon Zalia, ya tsaya daga waje cikin rana, don an hana shi shiga.

Ta rame. Keken ɗinkin a rufe yake, idanunta sun kumbura.

"Telata, ki yafe mini. Na rantse da Allah ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ni da ta haifa ma ban sani ba." Hawaye suka zubo mata. "Tica, na riƙe ta a hannuna. Na auna ta da tef kamar yadin wani. Na ce ta iya dariya, na mayar da ita akwati na rufe. Wace irin 'ya ce ni?"

"Kada ki ce haka. Gobe zan kai wa Baba, in ƙona kamar yadda ya ce. Digiri ya tafi, ke nake so."

Ta miƙe tsaye da sauri har kujerar ta kife.

"Ka ƙona wa?"

"Zalia..."

"Tun ina yarinya nake tambayar gwaggo yadda Mma take. Sai ta ce fara ce, gobe ta ce baƙa ce, ta manta. Baba kuwa ko sunanta ba a ambata a gabansa. Yanzu Allah ya dawo mini da fuskarta, ban ma kalle ta da idon 'ya ba, sai ka sa mata wuta don ka aure ni? Da wane ido zan riƙa kallon hannunka?"

"To in ban ƙona ba, na rasa ki."

"Na sani."

"Kin sani, kuma kin yarda?"

"Ban yarda ba, Mai Akwati. Amma kada ka ƙona. Ka yi mini wannan alkawarin."

"To bari in kawo miki ki gani, ko sau ɗaya."

Ta girgiza kai. "Baba ya ce in na kalli hoton a bayan idonsa, bai yafe ba."

Ya daɗe a tsaye, gumi yana bin wuyansa. Daga ƙarshe ya ce ya yi alkawari. Ya ja kekensa da hannu ya tafi.

Haka aka shiga wani irin zama mai ɗaci. Zafin bazara ya wuce, damina ta sauka, manoman Kukuo suka yi shuka, babu abin da ya motsa. Abdulgafaru ya sauke zanen daga bango ya naɗe. Yana shiga aji ya yi darasi da baki kawai, yara suna hamma. Iyaye da yawa sun aiko a cire hotunan danginsu, tsofaffin da ke buɗe masa ƙofa da murna yanzu sai a ce masa suna barci. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abinci ma sai kawunsa ya tsaya a kansa yake ci.

Ita ma Zalia ba ta tsira ba. Ta ɗinka wa wata amarya riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana koyo. A gida tana kai wa mahaifinta abinci, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Tana son ubanta, tana jin haushinsa, tana kuma tausayinsa, don ta lura shi ma tuwon nasa yana dawowa kusan yadda ta kai shi.

Imoru kuwa ya ga ƙofa ta buɗe. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Duk dawowarsa daga Kumasi sai ya sauke mata atamfa da ayaba.

"Zalia, ni ban yi sukul kamar Tica ba," ya ce mata wata rana. "Amma na san abin da ake rufewa. Ba zan taɓa kunyata gidanku ba."

"Na gode, Imoru. Ka bar ni tukuna."

Wannan "tukuna" ita ce ta zaga gari ta zama "ta amince". Kafin labarin ya kai kunnen Abdulgafaru har an ƙara masa cewa an sa rana bayan girbi. A makon ne kuma malaminsa na jami'a ya aiko masa cewa darasin mai tulu shi ne zuciyar binciken, ya taho da hoton kudu a buga shi cikin littafin, ga kuma gurbin koyarwa yana jiransa a can.

Duk mai hankali zai ce ya tafi. Yarinya ta kuɓuce, gari ya juya masa baya, ga digiri yana miƙo hannu. Ya haɗa kayansa, ya yi magana da direban lorin da zai tashi ranar Asabar. Amma duk lokacin da ya ɗauko hoton zai sa a jaka, sai ya tuna za a buga shi a littafi, baƙin da ba su san ta ba su riƙa juya shafi suna kallon kafaɗun mahaifiyar Zalia. Abin da ya yi a aji ɗaya ya jawo wannan bala'i, shi ne zai yi wa duniya gaba ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar, ya naɗe hoton cikin rawanin da Alhaji ya bari, ya bi layin da aka hana shi bi.

Alhaji Jibirilu yana zaune a zaure a kan buzu. Da ya ga mai sallamar, fuskarsa ta haɗe, amma bai kore shi ba. Abdulgafaru ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan, ya ajiye ƙunshin a gabansa.

"Baba, gobe zan bar garin. Na ji an yi wa Zalia miji, Allah ya sa alheri. Wannan ba nawa ba ne, ba na jami'a ba ne, naka ne. Na cire duk abin da na rubuta a kansa. Ƙonawa ce ba zan iya ba, don na yi wa 'yarta alkawari. Ban zo neman komai ba, sai gafara."

Alhaji ya kalli ƙunshin, ya ɗaga murya.

"Zalia! Kawo mini kurfoti da garwashi."

Ta fito da ɗan murhun ƙarfen a hannu, garwashin yana ja. Ta ga Abdulgafaru, ta ga rawanin, ta gane. Ta ajiye kurfotin a gaban mahaifinta, ta durƙusa.

"Baba, ba zan hana ka ba. Matarka ce kafin ta zama uwata. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar ni in gan ta a gabanka, ka kuma gaya mini abin da take yi wa dariya. Daga nan ka sa a wuta."

Alhaji ya jawo ƙunshin gabansa. Ya warware rawanin a hankali, ya riƙe hoton ta baya, ya kai shi saitin garwashin. Abdulgafaru ya runtse ido. Sai dai tsohon bai saki ba. Ya juyo da fuskar hoton, wai don ya miƙa wa 'yarsa, idonsa ya sauka a kai, ya kasa ɗaukewa.

Ya janye hannunsa daga saitin wutar. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe haka haƙoranta suke."

Ya share ido da bayan hannu.

"Na manta fuskarta, Zalia. Shekara da shekaru ina rufe ido in nemo ta, ba ta zuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan na shiga ajin yaron nan, na tarar 'ya'yan mutane sun san fuskar matata, ni mijinta sai da na ji suna kafin na tabbata. Wannan ne ya ƙona ni, ya fi kafaɗun ciwo."

Zalia ta matso ta zauna kusa da gwiwarsa. Ya sauke hoton yadda za ta gani. Ta sa yatsa ta shafa gefen kumatun, ta ce "Mma" sau ɗaya.

"Ni take yi wa dariya," in ji Alhaji. "Kin ga inda take kallo? Ina can gefe da jakuna. Baturen ya shige cikin baƙin ƙyallen akwatin ɗaukar hotonsa, wani jakina ya tsorata ya tuma, ya kayar da ni cikin taɓo da garewanin ruwa duka. Ita kuma maimakon ta ce sannu, sai ta tsaya tana ƙyaƙyata. Har muka je gida tana yi." Ya ɗan yi murmushi, hawaye na bin gemunsa. "Wannan rijiyar ta Kukuo ce, mu muka yashe ta. Wancan zanen kuwa ni na saya mata, shi ke nan gare ta, in ta wanke sai ta jira ya bushe."

Ya kawar da kai gefe saboda kunya.

"Farkon damina ne. Ba a yi girbi ba aka haife ki."

Zalia ta sake kallon hoton, ta kalli inda zanen ya ɗan ɗaga a ƙasan ƙirjin matar. Sai ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta samu ta yi ba tun tana jaririya. Alhaji ya dafa kanta ya bar ta ta yi.

Abdulgafaru ya lallaba zai ɗauki takalminsa.

"Kai, ina za ka?"

"Baba, zan je in ƙarasa shiri."

"Wa ya ce maka an yi mata miji? Imoru ya nema, ta ce ya bar ta, ni kuma ba na yi wa 'yata dole." Ya dube shi sosai. "Ka ce ka cire abin da ka rubuta. To daktan fa?"

"Zai ja baya, Baba. Wataƙila shekara biyu, wataƙila ma su ce in bari. Sai na sake bin gidaje, wannan karon in nemi izinin masu hoto kafin in rataya kowa."

"Da haka ka fara, da ba mu sha wannan wahala ba." Alhaji ya ture kurfotin gefe da ƙafa. "Ka gaya wa kawunka ya dawo da goron nan. Sabo zai saya, wancan ya bushe, ni na san goro."

Lorin Asabar ya tafi ba da shi ba. Jami'a ba ta ji daɗi ba, gurbin koyarwar aka ba wani, aka ce ya sake babin daga farko. Ya karɓa bai yi gardama ba. Da yamma kekensa ya koma bakin shagon Zogbeli.

"Ka rame, Mai Akwati," in ji Zalia.

"Ke ma haka, Telata."

"To ka daure ka ci abinci. Ba zan ɗinka rigar ango sau biyu ba."

"Na ɗauka ba kya ɗinka na maza."

"Kai kaɗai, kuma kada ka gaya wa kowa."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Jibirilu. Makaɗan garin suka zo, aka dafa shinkafa da wake tukunya tukunya. Imoru da kansa ya kawo lorinsa ya kwashi kayan amarya, ya ƙi karɓar ko godiya. Aka ɗauko Mma Sanatu daga Kukuo, ta riƙe fuskar Zalia da hannu biyu tana cewa, "Ɗan Rakiyatu ne, wallahi bakin shi ne," tana kuka tana dariya.

Da za a fita da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta ta durƙusa cikin lulluɓi, ango yana daga bakin ƙofa. Alhaji ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa ya ɗauko ƙunshin rawani ya ɗora mata a cinya.

"Kowace amarya uwarta ce ke yi mata faɗa ranar tafiya. Ni ban iya ba. Ga ta nan, ku tafi tare. A ɗakinki za ta zauna, in na yi kewarta zan zo in gaishe ku ku biyu."

Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa nawa. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su san fuskarku, su riƙe ta har bayan ranku."

Aka shafa da amin. Zalia ta rungume ƙunshin a ƙirjinta, gwaggonta ta kama ta, suka fita.